Tambayar da na yi wa uwar Haladu

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da wani tsohon abokin aikina da muka ajiye kakin ɗan sanda tare. Kuɗin mota ya ninka yadda na san shi, direba kuma ya cusa mu huɗu a baya kamar buhunan taki. Mun wuce Bakori masara ta kai kafaɗa hagu da dama. A Malumfashi muka karya da ƙosai da koko, abokina yana mitar wai ƙosan bana sun rame. Daga nan muka hau acaɓa zuwa wani ƙauye a ƙasar Kafur.

Neman gafara ya kai ni. Shekarun baya an fasa wani sito an kwashe masara, aka kamo wani manomi mai suna Haladu, aka ba ni bincikensa. Ya ce ranar yana gida yana gyaran dangar mahaifiyarsa. Na je na tsare tsohuwar a gaban mutane, da biro da takarda, na ce ta faɗi sunan wanda ya gyara mata danga. Ta ja mayafi ta kau da kai. Na sake tambaya da tsawa, ta ce, "Ni ban kula ba." Na rubuta cewa uwa ma ba ta goyi bayansa ba.

Ashe Haladu ɗan fari ne. Ta yaya za ta kama sunansa, ta tsaya masa a bainar jama'a? Abin da ya fi ci mini rai shi ne tawa uwar har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Na san wannan sarai, gaggawar rufe fayil ce ta rufe mini ido. Da na aika mace ta zauna da ita a ɗaki, ko na tambayi maƙwabta, da zance ya ƙare ranar. Haladu ya cinye damina guda a tsare kafin ɓarawon gaske ya shiga hannu.

Mun same shi a gona yana noman huɗa, ya yi furfura. Ya gane ni tun daga nesa. Ya kai mu inuwa, ya sa aka kawo fura, abin da ya ƙara mini kunya. Na yi ta kame-kame, ni da nake sa mutane magana, kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ni na yafe, Yallaɓai," in ji shi.

Na ce to ya kai ni wurin Inna.

"Ai bara ta rasu. Tun daga ranar nan ba ta bari an sake taɓa dangar ba. Ko a ciwon ajali cewa take ita ta ɗaure ni da bakinta."

A hanyar fita ya nuna mini dangar, karan duk sun ruɓe sun kwanta. Na yi mata addu'a, muka kamo hanya. Muka shigo Funtuwa bayan la'asar.

Ku da ke bakin aiki yanzu, kafin ku rubuta shirun mutum a takarda, ku binciki dalilin shirun. Ni na makara. Laifin nawa ne, amma tsohuwar ta tafi tana zaton nata ne.