Allon da Malam Ubaidullahi Ya Bari

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Asabar, 14 ga Yunin 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Ubaidullahi Sabitu Birchi bayan zazzaɓin da bai daɗe ba, aka yi masa sutura a mahaifarsa. Ni ce Na'ima, ɗalibar da yake duba wa aikin digiri na uku a jami'ar Dutsin-Ma.

Malam, iliminka ba irin wanda ake hira a kansa a kasuwa ba ne. Kai ka koya mana cewa da'irar lantarkin da ke cikin kwamfuta zane ce mai ma'ana. Ana cire wani sashe a musanya shi da mafi sauƙi, muddin akwai hujjar cewa aikinta bai canza ba. Haka kake koyarwa: ka zana, ka goge sashe, ka zana sabo a gurbinsa, har allo ya koma 'yan layuka. Ba ka yarda a ɗauki hoto. Na sha yi maka ƙorafi, kullum amsarka ɗaya ce: "Malama Na'ima, abin da ido ya bi ya fi zama a kai."

Da na haihu na koma gida Kuki, ban zaci zan ƙara ganin aji ba. Sai ga ka a kan babur, ka gaida mahaifiyata, ka nemi kara ka fara zane a tsakar gida. Akuya ta ratsa ta kan rabin aikin, ka ce ai ta rage maka wahalar gogewa. Ranar na daina tunanin ajiye karatu.

Abu guda ya rage a aikina: da'irar da wayarta ke zagayowa ta koma inda ta fito. Ta gagare mu, duk musanyar da muka gwada sai ma'ana ta ɓaci. Kafin ciwon ya kwantar da kai ka kira ni kana dariya, ka ce ka samo hanya, in zo Litinin ka nuna mini.

Na je, Malam, bayan addu'ar uku. Madam Justina mai kula da ofisoshi ta buɗe mini ofishinka. Zanen ƙarshe yana nan a allo, tsaf, gwanin kyau. Matakan da suka kai ka can kuwa duk ka goge, kamar yadda ka saba. Ina ganin amsar, ban san ta inda aka bi ba, kuma a fanninmu amsa ba hujja ba a karɓarta. Na nuna wa duk wanda na sani, ba wanda ya gane. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Jiya Madam Justina ta ce an ba wani malami ofishin. "Hajiya, in goge?" Na ce ta dakata tukuna.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Dada, da matarka Hajiya Hawwa'u da yara, da ƙaninka Malam Alu, da mutanen Birchi baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Ya shafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allon kuwa gobe za a goge shi, kuma na roƙa a bar ni in yi da hannuna.