Matar Dutse Mai Tulu

A cikin kwallar da kakata Mero ta bar mini akwai katuna masu hoto, irin waɗanda ake aikawa ta gidan waya ba tare da ambulan ba. An ɗaure su da ƙyallen atamfa. Kowanne ka ɗaga ruwa ne a jikinsa. Wani yana tashi sama daga bakin kifin ƙarfe, wani yana zubowa daga kwano zuwa kwano a tsakiyar fili, Turawa na yawo a gefe da lema. Guda ɗaya ne ya fita daban, kuma shi ne kullum a sama. Hoton mace ce da aka sassaƙa da dutse, tana tsaye da goyo, da tulu a kanta. Daga bakin tulun wani ya shafa shuni, ya gangaro har kafaɗarta.

Tun ina ƙarama nake tambayar wannan shunin. Sai da na shiga sakandare Kaka ta ga na isa a ba ni labarin. Ta ba ni shi guntu-guntu, tana tsinar shinkafa, ni kuma na haɗa.

An haifi Kaka Mero a Zagga, aka kawo ta aure Kurgu, gidan kakana Attahiru. Sana'arta bandar kifi. Takan saya ɗanye a wurin masunta, ta banda shi a bayan ɗaki, ranar kasuwar Lolo ta ɗora kwando a ka ta bi sahun mata. Mace ce gajera, ba ta da yawan magana, amma in ta tsaya a kan abu sai dai a kewaye ta. Mahaifiyata, Kubura, ita ce 'yarta ta fari, don haka ban taɓa jin ta kama sunan ba, sai dai ta ce "yarinyar nan". Shi ma kakana ba ta kiran sunansa. Malam take cewa.

Ana gab da samun mulkin kai ruwa ya cinye gonakin shinkafa na fadama. Kakana ya bi motocin albasa ya tsallaka Dahome, ƙasar da yanzu ake ce wa Benin, ya yi ta gangarawa har Kwatano, inda ya samu aikin lodin kaya a tashar jirgin ƙasa. Zuwansa gida na farko ya taho da kati ɗaya da ya saya a kantin wani kwara, cikin Larabawan nan 'yan kasuwa, hoton wani fili a birnin Faris inda ruwa ke tashi sama ba ruwan sama ba, ba rijiya ba. Gida ya cika da 'yan kallo. Kaka ta ce ita ba ginin ya burge ta ba, ruwan ne. Mutumin da ya zauna inda ruwa ke wasa haka, ta ce, ba ya cikin wahala.

A nan suka ƙulla abinsu. Ita ba ta karatu, shi kuma karatunsa bai wuce na salla ba. In ya sa an rubuta masa wasiƙa a can, da Faransanci za ta zo, sai an nemi mai karantawa, ya zauna a tsakar gida ya bayyana maganar miji da mata a gaban surukai. Wannan kuwa Kaka ta ce gara ta zauna ba labari. Sai suka yi shawara: zai riƙa aiko kati ba rubutu, sai adireshi kawai. In ta ga ruwa, yana nan lafiya. Ita ma za ta mayar masa da mai ruwa, ya san gida lafiya.

Katunansa sukan sauka a Malanbil, garin bakin iyaka ta ɓangaren Dahome, a shagon wani Badande, ɗan ƙabilar yankin, mai suna Hassan, fatake su ƙaraso da su Lolo ranar kasuwa. Nata kuma wani ɗan koli ne yake kawo mata daga Ikko, ta ba shi kifi ya ba ta kati. Shekarar da aka sauke tutar Turawa, nan da can, ta samu mai hoton ruwan da ke tsakiyar Ikko, ta aika masa da alfahari. Ta ce mini, "Ai mu ma muna da namu, ba Faransa kaɗai ba." Iyaka ta fara tsauri, an zuba sababbin ma'aikata masu tambayar takarda, amma kati bai taɓa tsayawa ba.

Sai wata ranar kasuwa, bayan girbin gero, wani bafatake ya miƙa mata kati a rumfar kifi. Ta juya shi. Babu ruwa. Mace ce ta dutse a tsaye.

Ta ce ba ta san yadda ta sayar da sauran kifin ba. Ta iso gida rana na kan kai, ta miƙa wa surukarta, Inna Hamsatu, katin. Inna ta san ƙa'idar katunan kamar yadda kowa a gidan ya sani. Ta duba gaba, ta duba baya, ta matso da shi kusa da ido.

"Ina ruwan, Mero?"

"Ni ma shi nike nema, Inna."

Kafin la'asar tsakar gida ta cika. Aka kira Baba Manu, tsohon soja wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashin Faransa, don shi ne ya san halinsu. Ya riƙe katin nesa da fuska, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire hularsa.

"Ni dai abin da na gani da idona zan faɗi," in ji shi. "Mutanen nan ba su sassaƙa dutse don mai rai. In kun ga sun kafa mutum na dutse, to an mutu. A bisa kabari suke ɗora su. Wagga kuwa mace ce da goyo, ita kaɗai, ba namiji a kusa."

Wata tsohuwa daga maƙwabta ta ƙara da nata. Ta ce su dubi tulun. Da me ake rufe mamaci in an sa shi a rami, in ba da fasassun tukwane ba? Ashe wani abokin aikinsa ne ya rasa yadda zai faɗa, ya aiko da wannan. Inna ta ɗora hannu a ka. Mata suka ɗauki salati.

Yayan kakana, Ɗanmusa, mutum ne mai son a yi komai a kan lokacinsa. Washegari ya sa aka fitar da gero don gumbar sadaka, ya aiko a gaya wa Kaka ta cire 'yan kunne da warwaro ta shiga takaba. Da ya shigo tsakar gida ta fito bakin ɗakinta ta durƙusa, kamar yadda ake yi wa yayan miji, amma warwaron na hannunta.

"Yaya, wa ya ga gawa?"

"Mero, ki bar gardama. Ke da bakinki kika ce ruwa shi ne lafiya."

"Na ce ruwa lafiya. Ban ce dutse mutuwa ba. Ba mu yi wagga magana da Malam ba."

"To mi kika ɗauka?"

"Ban sani ba. Amma ba ni shiga takaba don dutse."

Aka kai maganar gaban liman. Liman ya ƙi ko taɓa katin, ya ce a aje shi can. Ya ce ba a takaba da zato, sai an samu wanda ya shaida da bakinsa. Amma ya ce gunkin nan kada ya ci gaba da zama a gidan Musulmi. Ɗanmusa ya ce a jefa a murhu.

A nan Kaka ta yi abin da ya warware komai, ko da yake ita kanta ba ta san zai warware ba. Ta ce ba za a ƙona ba, za ta mayar da shi inda ya fito. Tunaninta shi ne: in wani ne ya aiko, zai ga ba a gane ba, ya turo mutum da baki. In kuwa Malam ne da kansa, zai ga abinsa ya dawo, ya san ya yi ba daidai ba. Ta ɗaure katin a bakin zane, ta bi jirgin ruwan fatake har Malanbil, ta sa Hassan ya saka shi a ambulan ya rubuta adireshin tashar Kwatano. Ba ta haɗa da mai ruwa ba. Ta ce a ranar ba ta da ruwan da za ta aika wa kowa.

Makonnin da suka biyo baya su ne ba ta son tunawa. Gidan ya zama ba na makoki ba, ba na lafiya ba. Mata in sun shigo ba su san wace gaisuwa za su yi mata ba. Wasu su ce "ya haƙuri", ta ce "haƙurin mi?" Inna ta daina cin abinci sosai. Geron sadaka na nan a kwarya a ƙofar rumbu, ba a daka ba, ba a mayar ba. Ita kuwa ta ci gaba da banda kifinta. Ta ce hayaƙin ya yi mata rana, don kowa ya ga idonta da ruwa sai ya ce hayaƙi ne.

Ranar wata kasuwar Lolo tana rumfa, ta sunkuya tana jera kifi, sai ta ga ƙafafu biyu sun tsaya a gabanta, duk laka, takalmi ɗaya ya tsinke an ɗaure da igiya. Ta san ƙafafun kafin ta ɗaga kai.

Kakana ne. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Wa ya rasu? Inna ce? Ko yarinyar?"

Katinsa ya dawo masa, ba mai ruwa a tare da shi, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya bar lodin da yake yi, ya hau jirgin ƙasa zuwa Paraku, ya bi motar gishiri zuwa Malanbil, ya ƙaraso da ƙafa, duk hanya yana lissafin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Kaka ta zauna a kan kwando. Ta dube shi ta ce, "Kai ne."

"Ni ne mi?"

"Kai ne ka rasu. Geron sadakarka na ƙofar rumbu."

Matan rumfa suka kewaye su. Ya zaro katin daga aljihu, duk ya lanƙwashe, yana nuna musu da yatsa.

"Ku duba mini, don Allah! Wagga ba Mero ba ce? Tsayuwarta ce, ga goyon, ga wuyan. Na gan ta a kantin kwara na ce ai ga ta nan an kai ta birni. Kuma ga ruwa nan a kanta, tulu guda!"

"Ka leƙa ciki?" in ji Kaka.

"Wa ke ɗaukar tulu ba ruwa?"

"Duk mai zuwa rafi, Malam."

Wata mai daddawa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce, "Attahiru, tafi gida ka ci gumbarka tun ba a raba ba!" Kaka ta ce ita ma dariyar ta kama ta, da kuka tare, ta rufe fuska da mayafi saboda kunyar mutane.

Da suka shiga gida Inna ta shafa fuskarsa, ta shafa kafaɗunsa, sannan ta ɗauki muciya ta bi shi. Baba Manu ya zo ya ce shi dai abin da ya gani a Faransa ya faɗa. Ɗanmusa ya ce gero tunda ya fito ba ya komawa, aka daka gumbar, aka raba ta sadakar godiya, wanda aka yi dominsa ya ci kaso mafi girma. Kafin ya koma Kwatano ya ɗebo shunin da Inna ke rina zare da shi, ya tsoma tsinke, ya zana ruwa yana malalowa daga bakin tulun. Ya miƙa wa Kaka ya ce, "To ga shi ya cika har yana zuba." Liman bai sake tambayar katin ba, ita ma ba ta tuna masa ba.

Ya yi wasu shekaru a can, katuna na zuwa suna komawa, duk masu ruwa. Daga baya ya dawo gida gaba ɗaya ya koma fadamarsa, ya kawo nata katunan aka haɗa da nasa. Sun tsufa tare a Kurgu. Da ya rasu, a ɗakinsa, tana riƙe da kofin da ta ba shi ruwa, ita da kanta ta zare warwaron, ba wanda ya aiko ya gaya mata.

Na taɓa ce mata, "Kaka, gaskiya matar nan ta yi kama da ke." Ta karɓi katin ta kalle shi, ta mayar saman sauran.

"Ta fi ni tsawo," in ji ta. "Amma wuyan nawa ne."