Sabulu Huɗu da Kan Mahaifina

Da wanzamin mahaifina ya rasu, tsohon ya daina zuwa masallacin Juma'a. Ya ce shi ba zai shiga sahu da suma kamar mahaukaci ba. Ƙanwata ta kirawo masa wanzamai biyu daga Gagarawa Tasha, duk ya sallame su tun daga zaure, wai ba ya miƙa wa baƙo kansa. Juma'a uku yana ɗaki, ya rage cin abinci, magana ma sai ta kama dole. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Mu ba gidan wanzamai ba ne. Ni ma'aikacin ofis ne a Gumel, abin da na taɓa feƙewa a duniya bai wuce fensir ba. Amma na aika masa cewa ni zan yi askin, ya aiko da cewa to.

Na sayi aska da dutsen washi. Abin da ya fi damuna shi ne sabulu, don na sa a raina cewa in dai kumfa ta yi kyau, ko wawa ba zai yanki mutum ba. Ranar Alhamis na je kasuwar Maigatari na dawo da iri huɗu: sabulun salo, wani kore mai ƙamshin lemo, wani ja na magani, da wani na gwangwani da Badamagaren da ya sayar min ya rantse cewa da shi manyan sojoji ke aski. Rubutun jikinsa Faransanci ne. Daga baya aka karanta min, ashe na goge sirdin doki ne.

Kan gwaji kuwa nawa ne. Na sa matata ta raba min shi gida huɗu da alli, kamar gonar gado, kowace safiya kafin ofis in aske fili ɗaya. Na salo ya yi zafin da sai da na taka rawa a tsakar gida. Koren ya jawo ƙudan zuma biyu suka raka ni har teburina. Jan ya ƙi yin kumfa, ya bar min yanka bakwai, matata ta ƙirga su tana dariya har da hawaye. Na sirdin ne ya ci gasar. Aska ta bi sumul, wurin ya ɗauki sheƙi, hula ta yi ta zamewa gefe guda. Shugabanmu ya ja ni gefe ya tambaye ni ko lafiya a gida.

Da hantsin Juma'ar makon da ya biyo baya na isa ƙauye. Baba ya zauna kan tabarma a zaure ya ba ni baya. Ni ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu. Tun da na yi wayo ban taɓa ɗaga ido na dubi kansa ba, hannuna kuma bai taɓa kaiwa jikinsa ba. Ya cire hula.

Babu gashi ko ƙwaya ɗaya. Sanƙo ne tas daga goshi har ƙeya, irin wanda ya daɗe da zama.

Na tsaya riƙe da gwangwani. Ashe shekara da shekaru marigayin nan yana zuwa duk sati, ya jiƙa, ya murza, ya bi da aska, su sha hira.

"Me kake jira?" in ji Baba, bai waiwayo ba. "Shi ba ya tsayawa kallo."

Na kaɗa kumfa na shafa masa. Kan da ɗumi, ya kuma yi ƙanƙanta a tafin hannuna fiye da yadda na zata, sai na ji ƙwalla ta cika min ido. Na juya askar ta baya ina kwashe kumfar layi-layi. Ya fara ba ni labarin shekarar da fara ta cinye masa gero ya tafi cirani a ƙafa, labarin da ban taɓa ji ba, sai na rage sauri.

Da na gama ya shafa, ya ce akwai saura a bayan kunne. Na sake kaɗa kumfa. Sai da aka yi kiran farko ya miƙe, ya ce a ɗauko masa babbar riga.

A bakin ƙofa ya tsaya yana gyara hular da ta ƙi zama.

"Sati mai zuwa ka zo da wuri," ya ce. "Sumar tana saurin fitowa."