Jarkar Maharazu

Shekara goma sha ɗaya Maharazu ya yi yana jan 'yan dashen shinkafa a gonakin da ke tsakanin Kura da Bunkure. Mutum goma sha biyu ne a hannunsa, kuma jinga suke yi: a nuna masa gona, ya dube ta, ya yanka farashi, su shiga. A wannan yanki ruwa ne ke tsayar wa manomi lokaci. Idan aka sako shi a layinku, kwana biyu ne, wani lokacin ma ɗaya da rabi, sai a toshe a juya wa na gaba. Wanda bai dasa irinsa a kwanakin nan ba sai ya jira zagayowa, irin kuwa yana tsufa. Saboda haka manomi ba ya tambayar wane ne ya iya dashe, sai dai wane ne zai gama yau.

Mutanen Maharazu kafin la'asar suke gama eka. Kowa ya san dalili, ba mai faɗa. Yana da wata jarka rawaya ta kunun zaƙi, kullum da safe yakan murƙushe ƙwayoyin tiramol ya zuba a ciki ya girgiza, kofi ɗaya ya zagaya kowa. Wanda ya sha ba ya jin bayansa, ba ya jin sanyin taɓo, ba ya neman abinci sai an tashi.

Na san shi yana saurayi mai buga ƙwallo a bayan gidanmu. Da na dawo daga karatu bayan shekara tara sai na tarar da furfura a gemunsa, ga shi kuma ya zama mai shiru, abin da ba halinsa ba ne. Na tambaye shi me ya faru. Ya ce, "Lukmanu ne ya faru."

Lukmanu ɗaya ne daga cikin mutanensa. Wata ranar Talata suna tsakiyar dashe jijjiga ta kama shi, ya kife a ruwan da bai wuce idon sawu ba. Kowa kansa a sunkuye, hannu na ta aiki, ba wanda ya ɗago. Sai da suka kai ƙarshen layi suka ga babu shi. A wurin zaman makoki mutane suka ce aljanun ruwa ne. Maharazu bai musa ba, amma ya san ƙwaya nawa ya zuba a jarka ran nan.

Bayan wata biyu wata ƙungiya daga Kano ta zo neman mutanen da za a koya wa yadda ake zama da masu shaye-shaye. Malamai da 'yan sa-kai na asibiti aka fi ɗauka. Maharazu ya kai kansa. Kwana biyar suka yi a wani ajin firamare lokacin hutu, manya a kan bencin yara. Mai koyarwar, Malama Rufaida, ta fara da abin da ya ba shi mamaki. Ta ce kada su ce wa mutum abin da yake yi haramun ne, ya riga ya sani. Ta ce su yi tambaya su jira. Ta ce wanda ya daɗe yana sha ba a yanke masa lokaci ɗaya, asibiti ake kai shi a rage masa a hankali.

Sai ta haɗa su bibbiyu, ɗaya ya yi magana minti uku, ɗaya ya saurara ba tare da ya ce uffan ba. Sau huɗu Maharazu yana faɗuwa.

"Malama," ya ce, "ni fa da tsawa nake cin abinci. Minti ukun nan naki ya fi dashen eka wuya."

Ajin ya yi dariya. A karo na biyar ya iya.

Ranar ƙarshe ya ɗaga hannu. "Malama, to a ce mutum ya daina. Wa zai ɗauke shi aiki?"

Ya gaya mini ta ce ba ta da amsa, za ta rubuta ta kai wa manyanta. Ta rubuta a gabansa. Ya ce ya ga girmanta da ba ta yi masa ƙarya ba. Ta kuma ja kunnensu da kada kowa ya fara da ɗan gidansu, don zuciya ba ta barin kunne ya yi aiki.

Da ɗan gidansu ya fara. Ƙaninsa Suhaibu shekararsa ashirin da tara, yana da mata, Kubra, da 'ya'ya biyu. Yana ɗan shekara goma sha takwas Maharazu ya miƙa masa kofin farko da hannunsa. Yanzu kofin safe ba ya isarsa, sai ya ƙara da nasa. Maharazu ya riƙa zama da shi a bakin kanal, babbar hanyar ruwan gonakin, bayan sallar la'asar, kafaɗa da kafaɗa, suna kallon ruwa. Kwana tara Suhaibu bai ce komai ba. A na goma ya ce, "Yaya, ni tsoro nake ji. In ban sha ba ji nake kamar ana zare mini ƙasusuwa. In na sha kuma Lukmanu nake gani."

Maharazu ya gaya mini bakinsa ya cika da magana, ya haɗiye ta.

Shi ya riƙa kai shi asibiti a Kano duk mako. Kubra ta yi fama da guminsa da zawonsa da faɗan da ba dalili. Suhaibu ya rame, daga baya ya fara cikowa. Wata biyar ya yi bai sha ba. Kubra ta aiko wa Maharazu da dambun shinkafa a kwano mai murfi, ta ce a gaya wa Yaya yanzu yaran sun daina ɓuya in babansu ya shigo.

Sai dashen rani ya zo. Jarkar tana nan, amma kunu ne zalla a ciki. Ekar da suke gamawa kafin la'asar ta koma kwana biyu. Cikin mako uku mutum goma sha biyu suka koma biyar, sauran sun bi Hashimu, wanda a da yaron Maharazu ne, a wurinsa ma ya koyi haɗin. Manoma suna tare Maharazu a ƙofar masallaci suna sa masa albarka, su ce ya yi jihadi. In ruwa ya zo layinsu sai su kira Hashimu.

Gonarmu tana hannun kawuna, Kawu Tambaya. Da lokacinmu ya matso na ce masa a ba Maharazu aikin.

"Kai ɗan nan," ya ce, "ruwan kwana ɗaya da rabi za a ba mu. Irin ya kwana ashirin da takwas. In ya wuce haka me zan dasa, tsintsiya?"

Na ce ai ya san abin da ke cikin jarkar Hashimu.

"Ni kunu na gani. Ban leƙa ba."

Ban ƙara magana ba, don shinkafar nan ita muke ci.

Da safe na je gonar. Mutanen Hashimu sun jeru a kan kunya suna naɗe wando. Suhaibu ne na bakwai a layin. Kwana goma sha ɗaya ke nan ba wanda ya kira gungun yayansa, kuma na ji an ce Kubra ta fara aike gidan iyayenta a samo tsaki.

Can sai ga Maharazu a kan keke, jarkarsa a ɗaure a baya. Hashimu ya hango shi ya washe baki.

"A'a, likita bokan Turai! Yau wa za a saurara? In shinkafa ce, ba ta magana."

"Ina kwana, Hashimu."

"Lafiya lau, maigida. Ko za a taɓa namu? Naka na ji an ce ko jariri ba ya sa wa ƙarfi."

Aka yi dariya. Maharazu ya jingine keken ya zauna a bakin kanal. Kofi ya fara zagayawa. Da ya iso hannun Suhaibu sai ya riƙe shi, ya juyo.

"Yaya, ka ce wani abu mana."

"Me kake so ka yi?"

"Kullum tambaya! Ka ce kar in sha. Ka zage ni, kamar da."

"In na ce kar ka sha, ina da aikin da zan ba ka gobe?"

Suhaibu ya jira. Maharazu bai ƙara ba.

"Malam, kofi ɗaya gare mu," in ji Hashimu. "Rana tana yi."

Suhaibu ya kafa kai ya shanye, ya goge baki da bayan hannu, ya miƙa wa na kusa da shi. Bai sake duban yayansa ba. Suka shiga ruwa.

Na ɗauka Maharazu zai tafi. Bai tafi ba. Na zauna kusa da shi, ya tsiyaya mini kunu a murfin jarka. Na tambaye shi ko Malama Rufaida ta dawo da amsa. Ya ce ƙungiyar ta gama aikinta a nan, sun koma wata jihar. Takardar shaidar da suka ba shi tana cikin akwatin matarsa.

Yana magana amma idonsa na kan gona, leɓunansa suna motsi. Na ce me yake karantawa.

"Ƙirga su nake," ya ce. "Goma sha huɗu ne. In sun sunkuya ba mai ganin wani."

Haka ya zauna har rana ta take, yana kai ƙarshen layi yana sake farawa. Kafin la'asar suka gama mana gonar. Kawu Tambaya ya ce aiki ya yi kyau. Maharazu ya tambayi Hashimu gonar wa za su shiga gobe, aka gaya masa, ya ɗaure jarkarsa a keke.