Sharar da Inna Ta Yi a Bakin Teku

Inna ta shekara ashirin tana sharar Arfa bayan Hajji, kuma ba ta yarda akwai wanda ya iya shara bayan ita ba. Mu 'yan Makka ne, a faranti muka san kifi. Da masuntan bakin teku suka nemi mutanen unguwarmu su taya su kwashe robobi, ni na tuƙa motar daga unguwarmu ta Kudai, Inna a gaba da tsintsiyarta.

Mu maza muka yi hagu da buhuna. Inna ta ja mata shida suka yi dama, inda ruwa ya janye ya bar taɓo. Kafin azahar sun share wurin tas. Robobi a buhu, igiyoyi a buhu, ga kuma tarin wasu 'yan tsirrai da suka tuge suka jibge gefe.

Wani tsohon masunci ya zo ya tsaya a kan tarin, ya daɗe yana kallo.

"Ya hajja, wa ya cire waɗannan?"

"Ni ce," in ji Inna. "Ciyawa ta cinye muku wuri."

Ya yi mata bayani ba faɗa. Itacen shura ne, mai tsirowa a ruwan gishiri, a gindinsa ƙananan kifi ke ɓuya su girma. Shi da maƙwabtansa suka dasa da hannu. Kifi ya yi ƙaranci har ɗansa na maganar sayar da kwalekwale, shi kuma da wannan dashen yake lallashinsa ya dakata.

Inna ba ta ba da haƙuri ba. A sanina ba ta taɓa ba kowa ba. Har muka iso gida ina jin tausayinta sosai.

Ranar Asabar ta miƙo mini makullin mota. "Yalla, tashi ka kai ni bakin tekun."

Matar da ko gulbi ba ta taɓa shiga ba ta tuɓe takalmi ta shiga taɓo har gwiwa, tsohon na miƙa mata dashe ɗaya bayan ɗaya. Haka muka yi ta zuwa har zafi ya shigo.

Ɗan tsohon ya sayar da kwalekwalen, ya tafi Jidda aikin gadi. Tsohon bai taɓa cewa laifin Inna ne ba, ita ma ba ta tambaya ba. Yanzu itatuwan sun kai ƙugunta, kuma duk Asabar tana can. Tsintsiyar a gida take barinta.