Abin da 'yan matan uni suka sumbata

Ku cinka mini: mene ne ya share yanar gizo da safe, da la'asar 'yan matan uni, wato jami'a, suka bi layi suna sumbatarsa?

Jikata Ummi ta faɗo ɗakina a unguwarmu ta Gorton tana haki. "Kaka, ina sandar?"

Ita ce kyaftin ɗinsu a lakros, wasan da ake cafe ƙwallo da sanda mai raga a kai. Al'adarsu, ba a shiga wasan gida sai kowacce ta sumbaci tsohuwar sandar da kyaftin ke gada. Ga 'yan Birmingham a hanya, uni kuma tana rage ƙungiyoyi. In suka sha kashi, an ƙwace musu filin wasan.

Na ce ban gani ba, alhali da ita na share silin. Ta birkice gidan. Da na ga hawaye, na zaro sandar daga bayan firji, duk yana.

"Kaka, saura minti arba'in."

"Ruga, takwara. Kar ki goge, albarkata ce."

Da ƙyar suka ci, filin ya tsira. Sauran ba su sani ba har yau. Ku ce, in tona?

Amsar dai sandar kyaftin ce.