Ranar da Na Ɗauki Hoton Ƙashin Bayan Mahaifiyata

Shekarun baya, tun gashin kaina bai san furfura ba, na samu aiki a ɗakin hoton ƙashi na wani asibiti a nan Kaduna. Wajen tsakiyar shekarun saba'in ne. Watana shida kacal ina koyon aikin, amma in ka ga yadda nake taku da farar riga a Kurmin Mashi sai ka rantse ni na ƙera injin. Ko akuya na gani tana ɗingishi sai in tsaya in ce a raina, wannan karaya ce, ƙafar hagu.

A shekarar ne mahaifina ya samar wa mahaifiyata kujerar Makka, abin da ta daɗe tana roƙon Allah. Sai ga ciwon baya ya sako ta gaba. In ta yi ruku'u da ƙyar take miƙewa, da safe kuwa sai ta dafa bango. Mu muka ce gajiya ce, ita kuwa ta san abin da take tsoro. Yayanta da haka ya fara: tarin fuka ya ci masa ƙashin baya, ya yi doro, ƙafafu suka mutu, bai daɗe ba ya rasu. Ta ce da mahaifina, "Malam, in ciwon Yaya ne, a ba wani kujerar. Ba zan je in zame wa mutane kaya a ƙasar da ba tamu ba." Saura mako guda a rufe sunayen maniyyata.

Likita ya duba ta ya rubuta a yi hoto. Ni kuwa har da buga ƙirji, na ce ba mai ɗaukar wannan hoton sai ni.

To ga inda matsala take: ni ne ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Wancan" take ce mini, in tana son wani abu kuma sai ta faɗa wa na kusa da ita, ko da ina tsaye a gabanta. Saboda haka tare suka zo da ƙanwarta, wadda muke kira Inna, ita ce tafintarmu.

Ƙa'idar aikinmu ita ce, kafin mutum ya hau tebur sai ya cire duk abin da ke jikinsa, makulli ne, laya ce, sarƙa ce. Mace kuwa har abin da ke ƙugunta ake tambaya. Na haddace wannan tsaf. Amma na dubi mahaifiyata, ta ja mayafi ta kau da kai, na buɗe baki harshe ya ƙi. Wane ni in tambayi wadda ta haife ni abin da ke ƙarƙashin zaninta? Na ce a raina, babbar mace ce, me za ta ɗaura? Sai kawai na ce, "Inna, ki ce mata ta kwanta ta riƙe numfashi."

Na shiga ɗakin duhu na wanke fim. Na ɗaga shi a haske yana ɗigar ruwa. Innalillahi! Wasu fararen ɗigo-ɗigo ne jere a kan ƙashin ƙugu, daga wannan gefe zuwa wancan. Nan take na tuna wani shafi a littafinmu, na muguwar cutar nan ta daji da ke bazuwa cikin ƙashi. Na kwasa a guje da fim a hannu, takalmi ɗaya ya fita ban waiwaya ba, sai ofishin maigidana, wani dattijo Basakkwace da ya tsufa a aikin nan.

"Kai, mi ya koro ka?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, mahaifiyata ce. Ta bazu! Duba, duk ta bazu!"

Ya gyara tabarau, ya karɓa ya duba. Ya dube ni, ya sake duba fim. Sai na ga kafaɗunsa suna motsi.

"Likita babba," ya ce, "ka taɓa ganin cuta mai huda a tsakiya, ta jeru kamar carbi? Wanga ciwo a kasuwa ake sayar da shi. Jigida ce ta duwatsu. Ba ka tambaye ta ba ko?"

Jama'a, kunya da murna suka haɗu mini. Da ƙasa za ta tsage da na shige, amma kuma dariya nake har da hawaye. Ya kira wata dattijuwar nas ya yi mata raɗa, ta shiga wurinsu. Daga waje ina jin Inna tana ƙyalƙyala dariya, mahaifiyata tana cewa, "Ke dai ba ki da ta ido."

Aka sake hoto, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe. Maigidana ya liƙa su a jikin akwatin haske ya ce, "To karanta mini. Ka bar sauri. Tarin fuka cin ƙashi yake, kamar gara ta shiga azara. Nemo mini wurin da aka ci."

Na bi ƙasusuwan baya ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Kowanne yana nan da siffarsa, ba wanda ya rushe, ba wanda aka gaigaye. Sai dai can ƙasa ratar da ke tsakanin wasu ta tsuke, bakin ƙashin ya yi fari fat, ga kuma wasu 'yan tsinaye sun fito ta gefe kamar bakin kaza.

"Waɗannan fa?" na tambaya.

"Kai za ka gaya mini. An rage ƙashin ne, ko an ƙara?"

"An ƙara... Ranka ya daɗe, an ƙara! Guringuntsin da ke tsakani ne ya siɗe, ƙashi yana gugar ƙashi, shi ne ya yi tsiro. Amosanin gaɓɓai ne! Na gani, wallahi na gani!"

"Ka daina yi mini tsalle cikin ofis," in ji shi, amma murmushi yake. "Ƙashin bayan da ya yi goyo ya yi daka shekara da shekaru ke nan. Kai wa likita."

Likita ya duba ya tabbatar, ya sa aka ɗauki na ƙirji ma, ya fito fes. Ya ce ciwon ba ya warkewa kwata-kwata, amma ba irin na yayanta ba ne. Ta sha magani, ta bar daka da ɗaukar kaya, ta riƙa tafiya a hankali.

Ban san lokacin da na isa bencin da suke zaune ba. Na manta da wata kunya, na durƙusa a gabanta na ce, "Iya, ba shi ba ne! Ba ciwon Kawu ba ne, tsufa ne kawai!"

Ta juya wajen Inna ta ce, "Ki tambayi wancan, wa ya ce masa na tsufa?" Muka kwashe da dariya. Can sai ta sake ce wa Inna, "Ki tambaye shi, zan iya ɗawafi?"

Na ce, "Inna, ki ce mata za ta iya."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ta je kuwa, ta yi ɗawafinta da ƙafarta, tana yi tana hutawa.

Na yi aikin nan har na yi ritaya, kuma ba zan iya ƙirga hotuna irin nata da suka bi ta hannuna ba. Yawancin mutane in an gaya musu amosani ne sai ransu ya ɓaci, kuma suna da gaskiya, ciwo ne mai gallazawa. Ni dai har yau in na ga 'yan tsinayen nan a gefen ƙashi sai in ji wani sanyi a zuciyata. Na shiga ofishin maigidana ran nan ina tsoron za a ce mahaifiyata mutuwa za ta yi, aka ce mini tsufa za ta yi. Ta kuwa tsufa, a gabana, har ta ga 'ya'yan jikokinta.